Abincin biki da karin kumallo: amsa ga 'yata

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce likita ya hana maigidanki yawan gishiri da maiƙo saboda hawan jini, ke ma kina son ragewa, amma kina tsoron a ce kin raina abincin mutane a biki ko suna. Ga kuma surukarki da ke ganin karin kumallon da babu suya da shayi mai kauri rowa ce.

Abin da al'ada ta ɗora miki shi ne ki je, ki yi barka, ki sa hannu a abinci. Ba a ce sai kin ga ƙasan kwano ba. A hadisin da Muslim ya ruwaito ma, wanda aka gayyata ya amsa, in ya so ya ci, in ya so ya bari. Abin da ke ɓata wa uwar biki rai shi ne a ture mata kwano, ko a tsaya yi mata bayanin illar mai a gaban baƙi. Ki karɓa da hannu biyu, ki yi loma uku ko huɗu, ki sa albarka, ki ce za ki tafi wa yara da sauran. Tun asali ana ƙulla wa na gida abin biki, babu mai jin haushi.

Kada ki fita da yunwa. Abincin biki yakan kai la'asar bai fito ba, kafin nan an cika ki da cincin, dublan da lemo. Ki ci dafaffen ƙwai ko ɗan kwaɗon zogale a gida, ki sha ruwa. In an kawo waina, biyu sun isa, ki yawaita miyar taushe, kabewa da alayyafo ne a cikinta. Nama ki ɗauki tsoka ki bar kitse da fatar kaza. Farfesu ya fi soyayye, sai dai ki bar romon saboda dunƙulen da aka zuba masa. Salak ɗin da aka kwaɓa da bama tun safe ya wuni cikin zafi, ki ƙyale shi kawai, shi ne ke kawo ciwon ciki.

Abin sha ya fi komai yaudara. Kwalbar lemo ɗaya tana ɗauke da sukari kusan ƙaramin cokali 9, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi son a tsaya a kamar cokali 6 a yini guda. Zoɓon biki da kunun aya ma ba a yi musu rowar sukari. Ki karɓi lemon ki sa a jaka, ki nemi ruwa.

Batun karin kumallo kuwa, ki tuna wa surukarki cikin ladabi cewa koko da ɗumame muka gada. Burodi da bota, da taliyar leda soye da ƙwai uku, su ne baƙi.

Koko: ki jiƙa gero ya kwana, a niƙa da citta, kanumfari da masoro, ki tace ki bari ya kwanta. Ki dama gasara ludayi ɗaya da ruwan sanyi kaɗan, sannan ki sheƙa tafasasshen ruwa kina juyawa. In ruwan bai tafasa sosai ba, kokon zai tsinke ya yi gari-gari, daga nan ne ake rufe shi da sukari. Kada ki yanke sukarin rana ɗaya, gidan zai yi miki bore. Ki riƙa rage rabin cokali duk mako, kayan ƙamshin za su cike gurbin.

Ƙosai yana shan mai idan ƙullun ya yi ruwa, ko ba a buga shi sosai ba, ko man bai yi zafi ba. Ki bar shi sau ɗaya a mako, sauran ranaku ki yi alale. Wake gwangwani biyu, ki surfa ki wanke, a niƙa da albasa ɗaya, tattasai biyu da attarugu. Mai cokali biyu, dunƙule ɗaya. Ki turara kamar minti 40, kada ruwan tukunya ya kai bakin gwangwanayen, in ya shiga ba zai daskare ba. Sai ki yi da daddare, da safe ɗumamawa kawai.

Faten acca da alayyafo ma yana da sauƙi a ciki, amma ki rege accar a ƙwarya sau biyu ko uku, yashi gare ta. Ɗumame ba laifi, malmala ɗaya da miyar kuka wadatacciya. Ki sa daddawa sosai don ki rage dunƙule, tunda yawancinsa gishiri ne, kuma gishirin da ake so babba ya ci a yini bai kai ƙaramin cokali ɗaya cikakke ba, gram 5.

In akwai mai shan maganin ciwon sukari a gidan, kada ragewar ta kai ga barin karin kumallo, sukarinsa zai iya faɗuwa. Surukarki kuma ki zuba mata nata yadda ta saba, ki ajiye mata sukari a gefe ta sa da hannunta.

Ki gaida maigidan da yaran.