Daskarar da irin kofi: tsada ce ko arha?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin aikin gona ne a Ngaundare. An koya mana cewa ana ajiye irin kofi cikin ruwan naitirojin. Mu a gida iri a rumbu yake kwana har damina ta zagayo. Wannan ba ɓarnar kuɗi ba ce kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Gero da dawa iri ne masu haƙuri. In sun bushe ƙayau aka sa su a sanyi, sai su yi shekaru da ransu, shi ya sa rumbun iri na Svalbard a Norway yake riƙe su a sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri. Kofi ba ya jure haka. Ya bushe da yawa ya mutu, a ajiye shi yadda yake kuma cikin watanni ya daina tsirowa. Saboda haka tun asali a gona ake adana shi, bishiya a tsaye. Cibiyar binciken aikin gona ta CATIE da ke Turrialba a Kosta Rika tana da irin wannan gona tun 1949, da samfuri kusan 2,000. Akwai wasu a Jimma ta Habasha, da Divo ta Kodebuwa, da Kianjavato ta Madagaska.

To gona ba ta hutu. Kowace shekara sai an biya masu shara da sassabe, an sayi taki da maganin feshi, bishiyar da ta tsufa a maye gurbinta. Duk da haka cuta ɗaya tana iya share aikin shekaru, kamar yadda tsatsar ganye ta yi wa gonakin kofi na Amurka ta Tsakiya daga 2012.

Daskarewa kuma kuɗinta a gaba yake. Masu bincike na cibiyar IRD ta Faransa ne suka daidaita hanyar: a rage wa ƙwayar laima daidai gwargwado, a sanyaya ta sannu a hankali zuwa digiri 50 ƙasa da sifiri, sannan a tsunduma ta cikin naitirojin mai digiri 196 ƙasa da sifiri. Wannan yana son ɗakin gwaji, da na'ura, da mutumin da ya ƙware, kuma a nan aljihu yake jin jiki. Bayan nan aikin ya koma ƙara ruwan naitirojin a tulun da ake ajiye irin. In ka taɓa ganin tulun da likitocin dabbobi suke ɗauko maniyyin bijimi a ciki, ana buɗe murfi farin tururi ya tuntsuro, to shi ne, sai dai ya fi girma. Wani bincike da aka buga a 2009 kan tarin CATIE ya kwatanta hanyoyin biyu, ya gano cewa in aka yi lissafin dogon zango, samfurin da ke tulu ya fi na gona arha.

Amma fa wannan lissafin Kosta Rika ne. Naitirojin yana ƙafewa kullum ko ba a taɓa tulun ba, in ya ƙare iri ya ɗumama an yi asara gaba ɗaya. A wurinmu, inda wuta take ɗaukewa kuma mota take makalewa a hanya da damina, abin da zan fara tambaya shi ne wa zai cika tulun babu fashi, kafin in tambayi farashinsa.

Akwai wata matsala da ta shafe mu kai tsaye. Hanyar ta fi dacewa da nau'in kofi na arabika, domin bishiyarta tana yi wa kanta barbara, ƙwayarta tana ɗauko halin uwa. Kamaru kuwa nau'in robusta ta fi nomawa, a Mungo da yankin Gabas, ita kuma sai da barbarar wata bishiya, don haka ƙwayarta ba ta maimaita uwar sak. Wanda yake son ainihin bishiyar sai ya koma kan tsiro a kwalba, wato renon ɗan yankin jikin bishiyar a ɗakin gwaji, aikin da ya fi wuya ya fi tsada.

Ko ya cancanci wahalar? A ganina e. Binciken lambun Kew na Ingila a 2019 ya nuna kashi 60 cikin ɗari na nau'o'in kofi 124 na daji suna fuskantar ɓacewa. Ɗaya daga cikin na dajin namu ne: Coffea charrieriana, kofi marar kafeyin (sinadarin da ke hana barci) da aka samo a dajin Bakossi, aka bayyana shi a 2008. Irin wannan nake so in ga an sa a tulu, a kuma bar shi a gona, domin mai ƙirƙiro sabon iri fure yake buƙata, ƙwayar da aka fito da ita daga sanyi kuwa sai ta yi shekara uku zuwa huɗu kafin ta ba shi.