Kafin Ka Buga Littafin Hajiya

Abba, bayan gaisuwa mai yawa. Saƙonka ya iso ni tun ranar Talata, na ƙi amsawa da wuri ne don abin da ka tambaya ba maganar tsaye ba ce. Ka ce ka gama rubuta labarin rayuwar Hajiya daga muryarta da kake ɗauka a waya tun azumin bara, kana so ka buga shi a gida, ka ɗinke, ka raba wa dangi. Abin da ya ɗaure maka kai shi ne ba ta kama sunan mijinta Malam ko sau ɗaya ba, nawa sunan ma haka, kana tambaya ko ka cike mata sunayen. Ka kuma tambayi wa ya kamata a fara miƙa wa.

Kada ka cike mata ko ɗaya. Ni ne ɗanta na fari, an haife ni shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo hawan daba a Kaduna, 1956 ke nan, yau ga ni da furfura da jikoki, ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Da ina ƙarami "yaron nan" nake, da na yi aure na koma "mutumin Tudun Wada". Ko yaye ba a gama ba aka kai ni riƙo wurin yayar Malam, Allah ya jiƙanta, kuma in Hajiya ta zo gidan sai ta gaisa da kowa ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba, daga baya a aiko da ƙuli-ƙuli a ce na yaran gida ne, alhali ni kaɗai ne yaro a gidan. Wannan ita ce kunyar ɗan fari. 'Yan zamaninku suna ganin kamar rashin so ne, mu da muka tashi a ciki mun san inda son yake ɓuya. Sunan miji ma haka, mace irin ta lokacinsu ba ta faɗarsa, ko da wani ne mai sunan sai ta kewaye. Idan ka sa mata waɗannan sunaye a baki, duk wanda ya san ta yana karanta layi biyu zai ce wannan ba Hajiya ba ce. Kai kanka ai shaida ne: me ya sa ake ce maka Abba? Sunan Malam aka sa maka, mahaifinka ba zai iya tsayawa tsakar gida yana ƙwala kiran sunan ubansa ba.

Na san abin da kake tsoro, kada jikokinku su ɗauki littafin su rasa wane ne wane. Maganin wannan mai sauƙi ne. Ka ware shafi biyu ko uku a ƙarshe, da muryarka kai, ka rubuta salsalar gida: cikakken sunan Malam da na mahaifinsa, matansa, 'ya'yan kowace ɗaka bisa girma, sannan ka ce duk inda Hajiya ta ce "yaron nan" wane take nufi. Jika ba ya kunyar sunan kakansa a rubuce, balle kai da take kira mai gidanta.

Wannan wasan na jika da kaka ne ma ya kawo ni kan abin da ya fi damuna, wanda ba ka tambaya ba. Hajiya ta buɗe maka ciki ne saboda kai abokin wasanta ne. Abin da ta faɗa maka tana dariya, kana tsokanarta kan kuɗin cefane, ba ta taɓa faɗa mana ba, kuma ba lallai ta so surukanta su karanta ba. Na tabbata akwai zancen zamanta da abokiyar zamanta, akwai auren Goggonku na fari da bai yi tsawo ba, akwai rigimar gonar nan ta bayan rasuwar Malam. Masu waɗannan maganganu wasu suna raye, waɗanda suka rasu sun bar 'ya'ya, kuma da su muke zumunci. Magana zarar bunu ce tun tana baki, ina ga an buga ta kwafi ashirin? Saboda haka kafin ka taɓa firinta, ka je ka zauna ka karanta mata shi tun daga farko har ƙarshe, ko da zai ɗauki yammaci huɗu, Goggonku tana wurin. Inda ta ce cire, ka cire ba gardama. Inda ta yi shiru ta kau da kai, shi ma cirewa take nufi. Muryar da ka ɗauka tana nan, ka adana ta wuri biyu, ba a ce ka goge ba.

Kada kuma ka gyara mata Hausa. Bazazzagiya ce, in ta ce "riga ne" ka bar shi "riga ne", kada ka mai da ita Bakanuwa. Lissafin shekarunta ma ka bar shi yadda ta yi: shekarar rasuwar Sarki Ja'afaru, shekarar kisan Sardauna, canjin hannu, canjin kuɗi. Kai sai ka sa lamba da ƙananan haruffa a ƙasan shafi, 1959, 1966, 1972, 1973. Inda ta ambaci abin da ba ka tabbatar da shekararsa ba, ka bar wurin haka nan.

Ka buɗe da Bismillah da salati, haka magabata suke fara kowane rubutu, ko wasiƙa ce. Amma ban so ka cika shi da ayoyi cikin Larabci. Littafin gida yawo yake, yau yana kan gado, gobe yaro ya ja shi ƙasa. Kuma ka sani buga littafi yana tara takardun da suka lalace fiye da yadda kake zato. Duk wadda ke da sunan Allah ka ware ta ka ƙone a wuri mai tsabta, kada ta bi shara ta ƙare a hannun mai ƙosai.

Yanzu tsarin shafi. Ka tuna masu karatun farko idanunsu sun gaji, kuma yawanci wani ne zai riƙe yana karanta wa mutane a tsakar gida. Girman A4 bai dace ba, kamar takardar ofis yake, hannu ɗaya ba ya riƙe shi. Ka ninka A4 biyu ya zama A5, haruffa su kai lamba 13, ka bar fili mai yalwa ta gefen ɗinki don kada kalmomi su shige cikin tsagi. Ka raba shi babi-babi gajeru, yadda za a iya gama ɗaya tsakanin magariba da lisha. Sai haruffa masu ƙugiya. Lokacin da nake koyarwa, jarrabawar Hausa da tafireta muke bugawa, sannan mu bi da biro muna lanƙwasa wa kowace ƙ da ɗ da ɓ kai. Ku an sauƙaƙa muku, ba ku da uzuri. "Hajiya ta yi baƙi" daban, "Hajiya ta yi baki" daban, na biyun sai ya raba gida. Ka zaɓi salon haruffa mai ɗauke da su duka, wani tsohon ɗalibina ya sa mini Charis SIL kuma bai taɓa ba ni kunya ba, sannan ka mai da aikin PDF kafin bugawa, in ba haka ba wata kwamfutar sai ta mayar maka da ƙugiyoyin 'yan akwatuna.

Kowace takarda in an ninka ta tana ba da shafi huɗu. Ka haɗa huɗu-huɗu, ɗauri ɗaya shafi 16 ke nan. In littafin ya tsaya a shafi 80, takarda 20 ce, ɗauri biyar. Takardar waje ta ɗaurin farko za ta ɗauki shafi na 16 da na 1 a fuska ɗaya, na 2 da na 15 a bayanta. Kwamfuta tana jera wannan da kanta, amma ka gwada da ɗauri ɗaya tukuna ka ninka ka gani. Takarda mai nauyin giram 80 ta isa. In kana da zaɓi, ka buga da firinta mai hoda, don tawadar ruwa da ta ji laimar marka ko ɗigon shayi sai ta bazu. Hotuna kaɗan, kowanne da sunayen mutanen ciki a ƙarƙashinsa, a nan ma da muryarka.

Littattafan Malam da ka gani a ɗakina ba ɗinkakku ba ne. Warwara suke, a tsakanin kwali biyu, a naɗe cikin tadarishi na fata mai igiya, sannan a sa a gafaka. Babu lambar shafi. Mai rubutu yakan sa kalmar farko ta takarda mai zuwa a ƙasan wadda ya gama, da ita ake gane jeri in sun cakuɗe. Dabara ce mai kyau ga malami da ke zare 'yan takardu ya ba almajiri ya je ya kwafa. Littafin da zai shiga ɗakin yara kuwa dole a ɗinke shi. Ka guji ƙarfen matse takarda, damina biyu ya yi tsatsa ya cinye tsakiyar. Ɗaurin roba mai murɗe-murɗe na shagunan kwamfuta shi ma na aikin makaranta ne, zafi yana busar da shi ya karye.

Ɗinkin hannu ba wuya. Ka samu basilla ka huda kowane ɗauri wuri huɗu a kan ninkin, ramukan su yi daidai da juna a duk ɗaurin biyar, don haka ka yi ma'auni da guntun kwali. Zare mai ƙarfi, ka goge shi da kakin zuma kada ya riƙa sarƙewa. Ka ɗinke na farko, ka ɗora na biyu ka ɗinke kana sarƙo shi da na ƙasa a kowane ƙarshe, haka har ka gama. Sai ka danne, ka shafa farin gam na kafintoci a gadon bayan, ka manna ƙyalle marar kauri wanda ya zarce kaɗan ta kowane gefe, shi ne zai riƙe bango. Kada wani ya ba ka shawarar ƙullun rogo ko koko, walima ce za ka haɗa wa kyankyasai da gara. Bango kwali mai kauri, ya ɗan fi takardar faɗi. Abin rufe shi kuwa, ka roƙi Hajiya tsohon zane ɗaya daga adakarta. Kowa a gidan nan zai gane shi tun kafin ya buɗe. In ka gama ka sa shi tsakanin katako biyu, ka ɗora abu mai nauyi ya kwana biyu, musamman da hunturu da kwali ke saurin lanƙwashewa. Na farko zai fito a karkace, wannan naka ne. Ka bar fararen shafuka shida a baya don haihuwa da aure da rasuwa.

Wa ake fara ba? Mai labari. Nata ka kai wa baduku ya rufe shi da jar fata, kuma tunda ba ta karanta boko, ka sa a rubuta mata sunan littafin da ajami da alƙalami a shafin farko, ta ga abin da za ta iya karantawa da idonta. Bayanta sai Kawu, ƙanenta, shi ne babban da ya rage a ɗakinsu. Sannan 'ya'yanta bisa girma, da 'ya'yan abokiyar zamanta, kada ka tsallake su ko da wasa. Mata da ke gidajen aure kowace da nata, ba a ce ta leƙa na yayanta ba. Manya da ƙafarka za ka kai musu, ba a aiken yaro, kuma ba a karɓar kuɗi. Wanda ya ba ka tukuici wannan daban. Kuɗin takarda da hoda ka faɗa mini nawa ne.

Nawa kuma kada ka miƙo mini a gabanta, za ka sa ta rasa inda za ta sa idonta. Ka biyo da shi Tudun Wada in kun zo Sallah. Ka gaishe da mahaifiyarka da ƙannenka.

Baffanka.