Ku Tambayi Likita: Allurar Sinawa da Ciwukan da Take Yi wa Amfani

Tambaya: Likita, ni manomin shinkafa ne a fadamar Argungu. Shekara uku ke nan ciwon baya ya hana ni sakat, na sha ƙwayoyin kashe ciwo har cikina ya fara zafi. An ce in gwada allurar Sinawa. Irin ƙaho ce ko sakiya? Wane magani ake zubawa a cikinta?

Amsa: Malam, Allah ya ba da lafiya. Akufanca, kamar yadda ake kiranta, ba a zuba mata komai, don ba ta da rami irin na allurar asibiti. Siririn ƙarfe ne mara tsatsa, kaurinsa kamar milimita 0.2 zuwa 0.3. Ba a fitar da jini irin na wanzami, ba a kuma ƙona fata.

Sinawa sun fi shekara 2,000 suna yin ta. A bayaninsu, akwai wani ƙarfi da ke gudana ta hanyoyi 14 a jiki, da gurabe 361 da ake sokawa. Likitancin zamani kuwa ya fi karkata ga cewa allurar tana taɓa jijiyoyi da tsoka, sai jiki ya saki sinadaransa na rage ciwo.

Za ka kwanta rub da ciki, a goge fata da sifirit, a kafa allura biyar zuwa ashirin a ƙugu, ɗuwawu da bayan ƙafa. Idan aka ɗan murza ta za ka ji nauyi ko tsami a wurin, wannan daidai ne. Zafi mai harbawa kamar lantarki kuwa alama ce an taɓa jijiya, ka yi magana a janye. Ana barin su minti 20 zuwa 30, sau ɗaya ko biyu a mako. Idan ka yi zama shida ba ka ga canji ba, ka tsaya, kada ka ci gaba da zuba kuɗi.

Sauƙin da take kawowa matsakaici ne. Ƙungiyar likitocin Amurka ta saka ta cikin abin da za a gwada wa ciwon baya a 2017, amma a 2016 hukumar da ke tsara jagororin jinya a Ingila ta ƙi amincewa da ita ga wannan ciwo, saboda a bincike bambanci tsakanin allurar gaske da ta bogi kaɗan ne. A ganinmu, mutumin da ƙwayoyi suka fara ci masa ciki ya cancanci gwadawa, tare da motsa jiki da rage daɗewa a sunkuye. Sai dai a fara duba ka a asibiti. Zazzaɓin dare, rama, mutuwar ƙafa ko kasa riƙe fitsari na iya zama tarin fuka na ƙashin baya ko matsewar laka, kuma allura ba ta da abin yi a nan.

Tambaya: Mahaifiyata a Jega tana da ciwon suga da hawan jini. Wani mai allura ya ce ta ajiye ƙwayoyinta zai warkar da ita.

Amsa: Hajiya, don Allah kada Mama ta ajiye ko ƙwaya ɗaya. Akufanca ba ta warkar da suga ko hawan jini, haka nan maleriya, taifot, sikila da ciwon daji. Barin maganin hawan jini na iya jawo shanyewar ɓarin jiki. Ƙafar mai suga kuma sau da yawa ba ta jin zafi, ƙaramin huji ya kan zama gyambo, don haka a nisanci soka ta.

Tambaya: Ina da ciki wata uku, ga amai ga ciwon ɓarin kai. Zan iya yi? Daga Zuru.

Amsa: Ciwon ɓarin kai da ciwon kai mai ɗaure goshi suna cikin wuraren da ta fi nuna amfani, wajen rage yawan tasowarsu, akan yi har zama 10 cikin mako biyar zuwa takwas. Amma ki faɗi cewa kina da juna biyu, domin ana kauce wa mara, da tsakanin babban yatsa da manuni, da saman idon sawu ta ciki. Amai kuwa ba sai da allura ba. Ki juya tafin hannu sama, ki jera yatsu uku daga layin wuyan hannu, ki danna tsakanin jijiyoyi biyun da za ki ji a wurin na minti biyu zuwa uku. Idan ko ruwa ba ya zama miki, ko ciwon kan ya zo da kumburi da gani dishi-dishi, ki tafi awo a ranar.

Tambaya: Mene ne hatsarinta? Daga Yauri.

Amsa: Babba shi ne maimaita allura, wanda ke yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau. A yage ledar sabuwa a gabanka, a jefar bayan an gama. Dafawa ko tsomawa a sifirit bai wadatar ba. Na biyu, sokawa da zurfi a ƙirji, kafaɗa ko saman baya na iya huda huhu, musamman ga siririn mutum. Ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi bayan zama, ko da sa'o'i sun wuce, maganar asibiti ce nan take. Mai shan maganin tsinka jini ya faɗa tun farko, mai na'urar bugun zuciya kuma ba a haɗa masa lantarki a allura. Kada ka je da yunwa, don wasu kan suma. Ka nemi ganin takardar horo da rajistar mai yin, sannan a ƙirga alluran lokacin kafawa da lokacin cirewa.