Mahaifiyata Tana Kwance da Kwalara

Tambaya: Malama, an kwantar da mahaifiyata a wani asibiti a Marwa saboda kwalara, an kuma hana mu zama da ita. Kullum ina bakin ƙofa riƙe da kwanon kunu. Yaya zan yi?

Amsa: 'Yata, Allah ya ba Hajiya lafiya. Hanin nan kariya ne gare ku, domin ƙwayar cutar tana bin amai da gudawa ta shiga ruwa da abinci, kuma takan ɗauki awa 12 zuwa kwana 5 kafin ta bayyana. Ki kwantar da hankalinki, majinyacin da aka yi wa ƙarin ruwa da wuri galibi yakan tashi. Ku riƙa tafasa ruwan sha, wanda gudawa ta kama kuwa a ba shi ruwan gishiri da sukari, a garzaya da shi asibiti.