Tambayi Likitan Dabbobi: Me Za a Ba 'Yar Kyanwa Ta Girma Idan Aljihu Ba Nauyi?

Assalamu alaikum. Tambayoyin da suka taru a wannan karon sun fi karkata ga 'ya'yan kyanwa, kuma kusan duka kukan ɗaya ne: abincin kanti ya yi tsada, me za a yi? Na zaɓi biyar.

Wata uwa daga Gusau: Likita, yarana sun tsinto 'yar kyanwa mai kimanin wata biyu. Abin da muke ci muke ba ta, tuwo da miya, wani lokaci shinkafa da wake. Tana ci, amma ba ta girma, gashinta ya yi buzu-buzu, cikinta ya yi tulu. Ba mu da halin sayen na kanti.

Malama, Allah ya saka muku da alheri da kuka ɗauke ta. Sai dai tuwo yana cika mata ciki ne kawai, ba ya gina ta. Kyanwa ba kamar kare ba ce, wanda zai iya lallaɓawa da hatsi. Ita da nama aka halicce ta ta rayu. Akwai wani sinadari mai suna taurin da jikinta ba ya iya haɗa isasshe, dole sai ta same shi daga nama. Rashinsa na lalata ido har ya kai ga makanta, yana kuma raunana zuciya. A 1987 ne masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka tabbatar da alaƙarsa da wannan ciwon zuciya. Haka bitamin A: ni da ke jikinmu na iya samar da shi daga karas ko manja, ita kuwa sai daga hanta ko gwaiduwar ƙwai.

Miya ce ma ta fi tayar mini da hankali. Albasa da tafarnuwa, ɗanyu ko dafaffu, suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa. Ba a gani nan take, a hankali za ta rame, dasashinta ya yi fari. Ga gishiri, ga yaji, ga dunƙulen ɗanɗano. Daga yau a raba ta da kwanon miya.

Abin da zai yi miki sauƙi yana wurin mahauci da masu fige kaji a kasuwa. Ki nemi zuciya da ƙundu da guntattakin nama, waɗanda sun fi tsoka araha. Zuciya ce kan gaba, domin tana cikin sassan da suka fi yawan taurin. Ki tafasa da ruwa kaɗan, ba gishiri ba komai, ki yayyanka ƙanana, ki zuba mata har da romon, don wani kaso na taurin yana fita cikin ruwan dahuwa. Ki riƙa haɗawa da dafaffen ƙwai sau biyu ko uku a mako. Kifi ma yana da kyau jefi-jefi, a dafa shi a tsince ƙayoyin tas. Ɗanyen kifi kullum yana cinye bitamin B1 a jikinta, busasshen kifi mai gishiri kuma ba nata ba ne. Hanta kuwa 'yar kaɗan, kamar kan babban yatsa sau ɗaya ko biyu a mako. Kyanwa na mutuwar son hanta, kuma a nan mutane ke shiga tarko: idan ta zama abincin kullum, bitamin A ya yi yawa, ƙasusuwan wuya da gaɓoɓi su sandare.

Saura abu ɗaya da kusan kowa ke mantawa. Tsoka zalla ba ta da isasshen sinadarin kalsiyam mai gina ƙashi. A daji kyanwa na cinye ɓera ne da ƙashinsa. 'Yar kyanwar da aka raina da nama zalla sai ka ga ta fara ɗingishi tana wata uku ko huɗu, ƙafafu sun lanƙwashe, tana tsoron tsalle, wata ma ƙashi ya karye daga ɗan faɗowa daga kujera. Maganin yana cikin shararki. Ki wanke ɓawon ƙwai, ki tafasa shi, ki shanya ya bushe ƙayau, ki daka a turmi har ya zama gari mai laushi kamar hoda, ki tankaɗe. Kimanin rabin ƙaramin cokali ya ishi rabin kilo na nama. Dafaffen ƙashin kaza kada a ba ta, yana tsagewa ya soki hanji.

Idan kina so ki ƙara auki, ɗan cokalin shinkafa mai laushi ko kabewa ba laifi, muddin nama ne ya fi rinjaye nesa ba kusa ba. Ki ba ta sau huɗu a rana yanzu, sau uku daga wata huɗu zuwa shida, sannan sau biyu. Abin da ta rage kada ya yini a kwano, da zafin nan namu nan da nan yake lalacewa. Gaskiya abincin gida ba ya kai cikakken abincin kanti daidaito, don haka duk ranar da hali ya samu, ko ƙaramin ƙunshi ne ki saya ki riƙa haɗawa.

Wannan tulun cikin kuma ina kyautata zaton tsutsar ciki ce, wadda 'ya'yan kyanwa ke ɗauka tun daga nonon uwa. Ki kai ta asibitin dabbobi na gwamnati a auna nauyinta a ba ta magani, a maimaita bayan mako biyu. Duk abincin da za ki ba ta, idan ba a kashe tsutsar ba, da ita za su raba. Yara kuma su riƙa wanke hannu bayan sun yi wasa da ita.

Wani ɗalibi daga Zariya: Mota ta take uwar, ta bar 'ya'ya uku, idanunsu ko buɗewa ba su yi ba. Ina dama musu madarar gari, amma suna ta zawo.

Ɗana, wannan na gaggawa ne. Tunda ido bai buɗe ba, da wuya su wuce kwana goma. Madarar shanu, ta gari ko ta gwangwani, sukarinta ya yi musu yawa, maiƙo da sinadarin gina jiki kuma sun yi kaɗan idan aka gwada da nonon kyanwa. Shi ya kawo zawon, kuma zawo na iya kashe ɗan wannan shekarun cikin yini ɗaya.

Fara tambayar maƙwabta ko akwai kyanwa mai shayarwa. Sau da yawa takan karɓi 'ya'yan wata, kuma babu abin da ya kai wannan. Idan ba a samu ba, akwai madarar da aka haɗa musamman don 'ya'yan kyanwa. Kana kusa da Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, ka kai su yau a duba su. Kafin ka isa, tafasasshen nonon akuya da aka kaɗa gwaiduwar ƙwai a ciki zai riƙe su na ɗan lokaci, amma ba abin dogaro ba ne.

Ka yi amfani da ƙaramin sirinji marar allura, mililita 2 zuwa 4 kowane awa biyu zuwa uku, dare da rana, madarar da ɗumi. Ka kwantar da kowane ɗa rub da ciki yadda yake shan nono, kada ka rungume shi rigingine kamar jariri, madara za ta shiga huhu. Wanda jikinsa ya yi sanyi, a fara ɗumama shi kafin a ba shi komai. Bayan kowace shayarwa ka jiƙa auduga da ruwan ɗumi ka shafa masa ƙasan wutsiya a hankali, don ba ya iya fitsari ko kashi da kansa sai uwa ta lashe shi. Ana haifarsu da nauyin kusan giram 100, kuma mai lafiya na ƙara giram 10 zuwa 15 a kullum. Daga mako huɗu sai ka fara ba su niƙaƙƙen dafaffen nama da romo.

Wata Hajiya daga Abuja: Ina iya sayen na kanti, amma iri-iri ne, farashi ya bambanta sosai. Wanne zan ɗauka? Kuma zan iya ba ta na karenmu?

Hajiya, kada hoton jikin buhu ya ruɗe ki, ki juya bayansa. Ki tabbatar an rubuta na 'ya'yan kyanwa ne kuma cikakken abinci ne, ba na marmari ba. Jerin kayan haɗi ya fara da kaza ko kifi ko nama, ba masara ba. Ma'aunin da AAFCO, ƙungiyar jami'an kula da abincin dabbobi ta Amurka, ta sa wa mai girma shi ne sinadarin gina jiki aƙalla kashi 30 cikin 100 na abincin idan an cire ruwan da ke cikinsa, babbar kyanwa kuma 26. Mai matsakaicin farashi da ya cika waɗannan ya wadatar. Busasshe ya fi na gwangwani araha, sai dai a ajiye mata ruwa mai tsafta kullum. Ki duba ranar lalacewa, ki guji wanda aka farke buhu ana aunawa a leda. Idan za ki sauya iri, ki cakuɗa sabo da tsoho na mako guda. Ta zauna a kan na 'ya'yan kyanwa har ta shekara. Na kare kuwa a'a, ba a haɗa shi da buƙatar kyanwa ba.

Wani mai shagon hatsi daga Maraɗi: Don ɓeraye na ɗauko ta. An ce in rage mata abinci ta koyi farauta. Kuma akwai mai gonar kaji da ke ba ni mushe kyauta.

Malam, wannan shawara ba ta da tushe. Farauta ɗabi'ar kyanwa ce, ƙosasshiya mai ƙarfi ta fi kamu, 'yar wata uku mai yunwa kuwa gafiya ma za ta iya ji mata rauni. Kuma ka san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ta ciyar da ita ba. Ka ciyar da ita, aikin zai zo da kansa. Ka kuma kwashe duk maganin ɓeran da ke shagon, don idan ta ci ɓeran da ya ci guba ita ma za ta iya tafiya.

Mushen kaji kada ka karɓa ko kyauta ne. Ba ka san abin da ya kashe su ba. Murar tsuntsaye ta shigo Najeriya da Nijar tun 2006, tana kuma sake ɓullowa lokaci-lokaci, kuma kyanwa na kamuwa ta mutu idan ta ci kazar da ke ɗauke da ita. Kai ma da kake taɓawa ba ka tsira ba.

Wata budurwa daga Jos: Tawa ta ƙi cin abinci tun jiya, jikinta da zafi. In ɓalla mata rabin farasitamol?

Kada ki kuskura, 'yata. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa farasitamol, ɗan ɓari kaɗan zai iya kashe ta. 'Yar kyanwar da ta yini ta kwana ba ta ci ba, ba a jira da ita a gida. Ki ɗiga mata ruwa kaɗan-kaɗan ta gefen baki, ki gwada ɗan romon kaza mai ɗumi marar gishiri, ki kai ta wurin likitan dabbobi yau ɗin nan. Idan ta warke, ki tambaye shi rigakafinta, har da na ciwon haukan kare da ake yi daga wata uku.