Tambaya da Amsa: Nauyin iyayena ya tattaru a kaina ni kaɗai

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a Daura, kuma ni ne babba cikinmu mu bakwai. Baba ya daina iya zuwa gona, Inna tana fama da hawan jini da ciwon suga. Ci da sha da magani duk a wuyana suke, ga nawa iyalin, albashi ko tsakiyar wata ba ya kaiwa. Yaya zan sauke haƙƙinsu ba tare da na durƙushe ba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya yi maka albarka, Malam, ya ƙara wa su Baba lafiya.

Mu a nan tsofaffi ba su yi mana yawa ba. A Japan kusan kashi 29 cikin 100 na jama'a sun kai shekara 65, shi ya sa tun 2000 suka kafa inshorar kula da tsofaffi wadda ake fara zubi tun mutum yana shekara 40. A Najeriya waɗanda suka kai shekara 65 kusan kashi 3 ne kacal. Tamu matsalar daban ce: yawancin iyayenmu manoma ne da 'yan kasuwa, ba su da fansho. A da gandu ne yake riƙe su, 'ya'ya suna noma tare, rumbu ɗaya. Gandu ya watse, sai aka jibga kayan a kan wanda ake ganin yana ɗaukar albashi.

Saboda haka ka tara 'yan'uwanka, in da hali a gaban wani baffa ko kawu da kuke jin nauyinsa. Kada ka je da ƙorafi, ka je da lissafi a rubuce: tiya nawa ta gero da masara ake ci a wata, nawa magani, nawa kuɗin mota zuwa asibiti. Sau da yawa ƙanne ba rowa suke yi ba, ba su san abin da ake kashewa ba ne, don yaya ya saba rufa asiri. A mazhabar Malikiyya ciyar da iyaye marasa hali wajibi ne a kan duk ɗan da yake da iko, namiji ko mace, ba ɗan fari kaɗai ba. Kuma ba dole sai kuɗi ba. Mai noma ya ware buhunsa da kaka, mai babur ya ɗauki kai Inna asibiti, mata su raba kwanakin jinya. A nan ina roƙonka ka duba maiɗakinka. Idan ita ke girkin da ba gishiri, da wanki, da tashin dare, kyautatawa take yi, ya kamata a karɓe ta ta huta.

Abin da ya fi karya gida shi ne kwanciya asibiti. Maganin hawan jini kullum ake shan sa, ba a dainawa don an ji sauƙi. Dainawar ce ke kai mutum ga shanyewar ɓarin jiki ko wankin ƙoda, kuma kuɗinsu ya ninka na ƙwayar magani nesa ba kusa ba. A riƙa auna jininta da sugarta a kai a kai, a duba tafin ƙafarta kowace rana, domin mai suga kan ji rauni bai sani ba. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta tanadi asusu don marasa ƙarfi, har da tsofaffi, kuma jiharmu ta Katsina tana da hukumar inshorar lafiya, KATCHMA. Ka je asibitin mazaɓarku ka tambayi yadda ake rajista.

Baba kuwa kada a zaunar da shi haka nan. A ba da gonarsa haya ko a noma a raba, amma a guji sayar da ita. A ɗaure masa rago ɗaya ko biyu ya riƙa kula da su zuwa Babbar Salla. Zai samu na goro a aljihunsa ba sai ya tambaye ka ba.

Ƙannenka masu sana'ar hannu su ma su fara tanadin nasu tsufan. Tun 2019 hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta buɗe tsarin fansho ga masu zaman kansu, ana zuba abin da ya sawwaƙa, kuma ana iya cire wani kaso idan lalura ta taso. Ka sa wannan ma cikin abin da za ku tattauna ranar zaman.