Ku Tambaya Mu Amsa: Wai Formula 1 za ta zo Legas?

Assalamu alaikum Malam. Ni dai na gaji, kusan kullum sai na ga an rubuta wai Max Verstappen zai bar Red Bull ya koma Mercedes, har na ci musu da abokina a wajen mai shayi kuma mutumin nan bai tafi ko'ina ba. Shin masu rubuta labaran nan ƙarya kawai suke shirgawa? Daga mai karatu a Agege.

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ba duka ne ƙarya ba, amma sai ka fara tambayar kanka waye zai ci riba idan maganar ta bazu. In ka taɓa zuwa Alaba Rago gab da babbar sallah ka san yadda dillali yake yi, zai ce maka wallahi yanzu wani Alhaji ya taya ragon nan ya tafi ɗauko kuɗi, wataƙila akwai Alhajin wataƙila babu, shi dai so yake ka ƙara wani abu. To manajojin direbobin Formula 1, wato babbar gasar tseren motoci ta duniya, haka suke, kujeru ne ƙalilan, kowace ƙungiya mota biyu kacal take sawa a tsere, don haka da zarar kwantiragin direba ya kusa ƙarewa sai ka ji an raɗa wa wani ɗan jarida cewa ai ƙungiya kaza na zawarcinsa. Su ma shugabannin ƙungiyoyi suna yin nasu, in suna so direbansu ya rage kuɗin da yake nema sai a bari a gan su suna cin abinci da wani.

Shi Verstappen kwantiraginsa da Red Bull har 2028 ne, ya ci kambun duniya sau 4 a jere daga 2021 zuwa 2024. Abin da ya hura wutar maganar a 2025 shi ne motar ta daina jan zarenta kamar da, babban mai zana musu mota Adrian Newey ya koma Aston Martin, ga kuma shugaban ƙungiyar Christian Horner da aka sallama a watan Yuli bayan shekara 20 yana riƙe da ita. Toto Wolff, shugaban ƙungiyar Mercedes, ma bai ɓoye cewa yana son yaron ba. Ka ga akwai hayaƙi kam. Amma a ƙarshen watan Yulin, a tseren Hungary, shi da bakinsa ya ce yana nan a Red Bull a 2026, shi kenan abokinka ya sha shayi a aljihunka.

Sai dai kar ka ce daga yau ka daina yarda da komai, don maganar Lewis Hamilton da Ferrari an shekara da shekaru ana yinta har mutane suka mai da ita abin dariya, a watan Agustan 2023 ma ya sake sa hannu da Mercedes kowa ya ce magana ta mutu, kwatsam ranar 1 ga Fabrairun 2024 sai ga sanarwa zai koma Ferrari a 2025, ashe akwai ƙofar fita a cikin takardar da ya sa wa hannu. Carlos Sainz da ke kan kujerar bai yi laifin komai ba aka ce ya matsa, ya ƙare a Williams.

Wanda ya fi ba ni dariya har yau shi ne na Oscar Piastri a 2022. Fernando Alonso ya tsallake daga ƙungiyar Alpine zuwa Aston Martin ba zato, Alpine ta rikice ta fitar da sanarwa a hukumance cewa Piastri ne zai maye gurbinsa, cikin 'yan awanni yaron ya hau Twitter ya ce shi bai sa hannu da su ba kuma ba zai tuƙa musu mota ba. Sai da aka je gaban kwamitin da ke duba kwantiragin direbobi, aka yanke cewa na McLaren ne. Ni tun daga lokacin, ko ƙungiya ce ta yi magana sai na leƙa na ga ko shi direban ya ce uffan, kuma in sanarwa ta fito babu kalma ko ɗaya daga bakin direba a ciki to da walakin.

Malam barka da aiki. An turo mana bidiyo a WhatsApp wai an riga an kawo tseren Formula 1 Legas, wasu ma na cewa a kan gadar Third Mainland za a riƙa yi. Gaskiya ne? Daga wata 'yar kasuwa a Idi-Araba.

Hajiya barka kadai. A'a, ba a kawo ba. Ina kyautata zaton abin da ya ruɗa masu turo bidiyon shi ne tseren E1 da aka yi a ruwan Legas a watan Oktoban 2025, wancan kuwa tseren jiragen ruwa ne masu aiki da lantarki, wanda Didier Drogba ma yake da ƙungiya a ciki. Harafi ɗaya ne ya raba sunayen, E1 da F1 (wato Formula 1 a taƙaice), amma wannan a ruwa wancan a kwalta.

Rabon nahiyar Afirka da ganin Formula 1 tun 1993, a filin Kyalami kusa da Johannesburg, Alain Prost ne ya ci. Kafin nan Maroko ta taɓa karɓa a 1958 a Kasabalanka. Masu nema yanzu suna nan, Shugaba Paul Kagame ya bayyana a Kigali a watan Disambar 2024 cewa Ruwanda na so, Afirka ta Kudu na ta ƙoƙarin a dawo Kyalami, Hamilton kuma ya daɗe yana cewa bai dace a zagaya duniya a tsallake Afirka ba. Najeriya ma an ji sunanta a 2025, amma Abuja aka ambata ba Legas ba, kuma nema daban samu daban.

Abin da ke sa abin wuya shi ne jadawalin ya cika, tsere 24 aka yi a 2025, kafin sabo ya shiga sai wani ya matsa. Ƙasar da ke so ita ce ke biyan masu gasar miliyoyin daloli duk shekara, ba su ne za su biya ta ba, sannan dole filin ya samu lasisi mafi girma na FIA, hukumar da ke kula da tseren motoci a duniya, da asibitin gaggawa da shingaye da wurin da mota za ta zame in ta ƙwace. Ko an sa hannu ma ba a gama ba, Biyetnam ta ƙulla yarjejeniya har ta gina titin tsere a Hanoi don 2020, korona ta zo aka soke, har yau motar Formula 1 ko ɗaya ba ta yi tsere a kai ba.

Batun gada kuwa, ana yin tsere a titunan cikin gari kam, Monako da Singafo da Baku da Jidda duk haka ne. Amma motocin nan cikinsu kusan shafar ƙasa yake, suna wuce kilomita 300 a awa, a Las Vegas a 2023 murfin ramin ruwa guda ɗaya ne ya ɗago ya farfasa ƙasan motar Sainz har aka tsayar da atisaye. Hajiya ki tuna hanyar da kika bi zuwa Mile 12 da damina ki yi wa kanki hisabi. Kuma wa zai iya rufe Third Mainland kwana uku mutanen Legas su ƙyale shi?

Wai da gaske an ƙara sabuwar ƙungiya daga Amurka, ko shi ma zancen intanet ne? Daga ɗalibi a Obalende.

Wannan kam gaskiya ne ƙanina. Cadillac ce ta kamfanin General Motors, ita ce ta 11 daga kakar 2026, motoci sun tashi daga 20 zuwa 22 kenan. Da farko da sunan Andretti aka nema, masu gasar suka ƙi a watan Janairun 2024, tsofaffin ƙungiyoyi ma ba sa so don kason kuɗinsu zai ragu, sai da General Motors ta shigo da ƙarfinta aka buɗe ƙofa. Sun ɗauki Sergio Perez da Valtteri Bottas, tsofaffin hannu duka, kuma da injin Ferrari za su fara kafin nasu ya kammala. Kar ka haɗa su da Audi, ita Audi ba ƙari ba ce, ƙungiyar Sauber ta saya ta sa mata sunanta. In za ka ci musu a kansu kar ka sa kuɗin makarantarka, sabuwar ƙungiya kan sha wuya a shekarun farko.